Tankar da ta ɗauko ƙwai, ta koma ta ɗauko madara

Kafin shekarun 1980, masana lafiya a Amurka sun ɗauka in dai ƙwai bai fashe ba, an kuma wanke kashin kaza daga ɓawonsa, to ba ruwansa da ƙwayar cutar salmonela. Sai ga mutane suna ta kwanciya da gudawa da zazzaɓi a jihohin arewa maso gabas, alhali ƙwan da suka ci tas yake, ko tsaga babu. A 1988 masu binciken hukumar CDC suka nuna inda gizo ke saƙa: nau'in salmonela mai suna Enteritidis na iya shiga ƙwai tun yana cikin kaza, kafin ɓawo ya rufe shi. Kazar kuwa garau take, tana ta kiwonta.

Amma binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jihar Minesota a 1994. Cikin watan Satumba, ɗakin gwaje-gwajen ma'aikatar lafiya ya ga wannan nau'in ya yawaita a samfurin bayan-gidan marasa lafiya daga kudu maso gabashin jihar. Ba biki ɗaya suka je ba, ba gidan abinci ɗaya suka shiga ba. To me ya haɗa su?

Jami'an suka kama waya. Suka tambayi mutum 15 da suka kamu, da wasu 15 masu lafiya daga yankunan, me kowa ya ci. Cikin marasa lafiyan, 11 sun sha askirim na kamfanin Schwan's, wanda a lokacin motocinsa ke bi gida-gida suna kaiwa. Cikin masu lafiyan, 2 kacal.

A nan na sara musu. Ba su zauna jiran a gano ƙwayar cutar cikin askirim ɗin ba. Ranar 7 ga Oktoba suka gargaɗi jama'a, bayan kwana biyu kamfanin ya janye kayansa. Da sun jira, da yara sun ci gaba da sha, domin abin yana nan cikin firjin gidajen da suka saya.

Daga baya aka bi sawu har masana'antar askirim ɗin da ke garin Mashal. Haɗin madarar da ake kawo mata an riga an dafa shi, ƙwayoyin cuta sun mutu. Matsalar tankokin dako ce: sukan ɗauki ɗanyen ƙwai da aka fasa, su sauke, sannan su ɗauko madara, wankin kuma ba kullum yake fita ba. Da madarar ta iso, ba a sake dafa ta.

An ƙiyasta mutum 224,000 ne suka kamu a faɗin Amurka. Shawarar da masu binciken suka bayar ita ce duk abincin da ba za a sake dafawa ba, a ware masa tankarsa shi kaɗai.