Lissafin Manomi da Lissafin Masana'anta: Tarihin Kasafin Gona a Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa, ya kuma binciki abin da aka kafa injunansu don su ci, zai tarar yawancinsa daga karkara yake fitowa. Injin matsar mai gyaɗa yake jira, masaƙa tana jiran auduga, injin fulawa alkama, majema kuwa fatu da ƙiraga. Bompai ita ce babbar yaya, tun zamanin Jihar Arewa. Sharaɗa da Challawa sun bunƙasa ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, musamman da kuɗin man fetur suka shigo.

A wannan takarda muna so mu nuna cewa tun daga 1912 lissafi iri biyu ne suke ta karo da juna a ƙasar nan. Mai masana'anta da jami'in gwamnati suna tambayar buhu nawa eka ɗaya za ta bayar. Manomi kuwa yana tambayar abin da yinin aikinsa zai jawo masa a tsakiyar damina, bayan ya tabbatar rumbunsa zai cika. Za mu kuma duba masanan tattalin arzikin noma da suka gano wannan bambanci, da yadda suka yi suka gano shi.

2.0 Kasafin gona da asalinsa

Abin da masana suke nufi da kasafin gona shi ne a zauna tun kafin shuka a ƙiyasta abin da gona za ta ci, na iri da taki da ƙwadago, da abin da za ta bayar, sa'an nan a ga abin da ya rage. Akwai kuma ƙaramin kasafi, wanda ake yi idan abu ɗaya kawai ake son canzawa. Tambayoyinsa huɗu ne. Alal misali, idan manomi zai cire gero daga wani fegi ya sa auduga, sai a tambaya: wane sabon kashe kuɗi ne zai hau kansa, wane amfani zai rasa, wane sabon amfani zai samu, wace ɗawainiya kuma za ta sauka daga kansa? In biyun ƙarshe sun rinjayi biyun farko, canjin ya yi kyau.

Wannan ilmi a ƙasashen Turai ya tashi. Wani Bajamushe, Johann von Thünen, ya shafe shekaru yana rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a gonarsa ta Tellow, kuma daga waɗannan littattafan lissafi ya fitar da littafinsa na 1826, inda ya nuna yadda nisa daga birni yake yanke abin da ya kamata a noma. (Da ya ga jakunan da suke kai itace cikin birnin Kano su komo ƙauye da mangalar taki, da ya gane abin nan take.) A Amurka kuwa George Warren na Jami'ar Cornell shi ya yaɗa hanyar bin manoma gona-gona ana tambayarsu, ya kuma wallafa littafin koyar da sarrafa gona a 1913. To, amma duk waɗannan sun yi aikinsu ne a inda kowace gona iri ɗaya ake shuka mata, ma'aikaci kuma da kuɗi ake biyansa, amfanin kuwa kasuwa ake kai shi. Da aka kawo ma'auninsu ƙasar Hausa ba a sake masa zubi ba.

Kada a ɗauka Bahaushe bai san lissafin gona ba sai da aka kawo masa. Mutumin da yake fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka ya san yawan dammunansa. Maigida ya san abin da gandu zai ciyar, ya san ranakun da ya bar wa 'ya'yansa su yi gayaunarsu, ya kuma san watan da za a buɗe rumbu. Abin da bai yi ba kawai shi ne rubutawa.

3.0 Gyaɗa ta kayar da auduga

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ɗaukar kaya a 1912. Babban burin Turawa a lokacin auduga ne. Ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a Ingila a 1902, ta sa rai ƙasar Kano za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Abin bai yiwu ba. Masaƙan gida da marina suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, ga shi kuma auduga tana cin aiki, ba a kuma tuƙa tuwo da ita in shekara ta ɓaci. Sai manoma suka juya ga gyaɗa. Abin da Nijeriya ta fitar waje bai kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ya kai wajen tan 19,000. Jan Hogendorn, wanda ya rubuta tarihin wannan al'amari a 1978, ya nuna cewa fatake irin su Alhassan Ɗantata da manoman kansu ne suka yi wannan zaɓi, ba umurnin Gwamna ba.

Idan muka sa tambayoyin nan huɗu a kan gyaɗa za mu ga dalili. Ana iya yi mata gicci da gero ko dawa a gona ɗaya, don haka ba ta kori abinci ba. Tana gyara ƙasa. Harawarta abincin dabbobi ce da rani. In farashi ya faɗi, mata su soya ta su fitar da mai da ƙuli-ƙuli. Ga kuɗin haraji kuma a hannu. A kan wannan zaɓi na manomi aka gina dalar gyaɗa, a kansa kuma 'yan kasuwa, yawancinsu Kwarori, suka kafa injunan matsar mai a Kano.

Yadda gyaɗa ta zo da lissafi, haka ta tafi da shi. Tun daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ce take yanka farashi, daga 1954 kuma hukumar ciniki ta Jihar Arewa, kuma shekara da shekaru ana biyan manomi ƙasa da abin da kasuwar duniya ta bayar, ana riƙe rarar don ayyukan gwamnati. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, kuturun gyaɗa wanda darɓa take yaɗawa ya biyo baya a 1975, farashin hatsi kuma ya tashi. Manomi ya sake auna abin, ya koma ga dawa da gero. Injunan Bompai suka rasa abin matsa. Ko da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, dala ta riga ta zama labari.

4.0 Abin da aka gano a Samaru

Har zuwa bayan samun 'yancin kai, shawarar malaman gona ɗaya ce: a shuka kowane iri shi kaɗai, a jere, a kan lokaci. Manomin da ya haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya ana ganinsa a matsayin wanda bai waye ba. A 1964 wani masani Ba'amurke, Theodore Schultz, ya fito da ra'ayin cewa ƙananan manoma matalauta ne amma ba wawaye ba, suna juya ɗan abin da ke hannunsu iyakar yadda zai yiwu. Ra'ayi ne mai daɗin ji, sai dai yana bukatar hujja daga gona.

A ƙasar Hausa, David Norman ne da abokan aikinsa suka kawo hujjar. Ya zo Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, a 1965, ya shugabanci sashen binciken tattalin arzikin karkara, ya zauna har 1976. A 1966 zuwa 1967 suka zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, gwargwadon nisansu da birni. Suka auna gonaki, suka zaunar da ma'aikata a ƙauyukan suna zuwa gidajen da aka zaɓa sau biyu a mako har shekara ta zagayo, suna rubuta wanda ya yi aiki, a wace gona, awa nawa, me aka kashe, me aka girbe. Daga baya aka maimaita irin wannan a ƙasar Sakkwato da ta Bauci. Aiki ne mai cin rai da tsada, amma a ganinmu ba a taɓa yi wa manomin Arewa adalcin da ya kai wannan ba, domin a karo na farko an rubuta lissafinsa kamar yadda shi yake yin sa.

Sun tarar fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙasar da aka noma a ƙauyukan Zazzau shukar haɗe ce. Kowane iri in an auna shi shi kaɗai ya kan ba da ƙasa da abin da zai bayar a gonar da ba a haɗa shi da kome ba, kuma wannan ne malamin gona yake gani. Amma in aka tara darajar duk abin da eka ta bayar, ta haɗe ta fi. Haɗarinta kuma ya fi ƙanƙanta, don da wuya gero da dawa da wake su ƙi a shekara ɗaya.

Babban abin da suka gano shi ne inda takurar take. Ba ƙasa ce ta fi ƙaranci ba a waɗannan ƙauyuka, hannun aiki ne a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman fari da maimai. A 'yan makonnin nan kowa yana duƙe, ɗan ƙwadago ya yi tsada, rumbu kuma ya yi ƙasa. Don haka ma'aunin da ya dace da manomi shi ne ribar awa ɗaya ta aiki a wannan lokaci, kuma a kan wannan ma'auni ma shukar haɗe ta yi nasara. Nan ne aka warware tsohuwar rigimar auduga. Masana sun ce a shuka ta a tsakiyar Yuni, manoma kuwa sai cikin Yuli suke shukawa, amfanin ya ragu ƙwarai. An daɗe ana kiran wannan taurin kai. Ashe mutum ne ya ƙi barin ciyawa ta cinye hatsinsa don ya yi wa masaƙa hidima. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ya kamata mu ƙara da cewa manoma ba ɗaya suke ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta wallafa shi a 1972, ta nuna akwai magidantan da talauci yake hana su noman gonarsu: hatsinsu ya ƙare kafin kaka, sai su tafi ƙwadago gonar mai hali a daidai ranakun da tasu take bukatarsu. Peter Matlon ya bi sawun wannan bambanci a ƙauyukan Rogo da Zoza da Barbeji na Jihar Kano a 1974 zuwa 1975. Kasafin da aka yi wa "matsakaicin manomi" ba ya ganin irin waɗannan mutane ko kaɗan.

5.0 Alkama da masara

Za a zaci bayan wannan bincike masu tsara manyan ayyuka za su fara da tambayar manomi. Tarihin alkama bai nuna haka ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka shimfiɗa aikin noman rani na Kadawa, alkama kuma tana kan gaba cikin abin da aka sa rai. A takarda lissafin ya fita. To, amma alkama tana son a shuka ta wajen tsakiyar Nuwamba don ta sami sanyin hunturu, a lokacin kuwa dawa tana tsaye a gona ba a girbe ba. Manomi bai yarda ya bar dawa ba, sai shukar alkama ta makara, zafin bazara ya riske ta, amfanin ya faɗi. Da yawa suka ga tumatir da shinkafa sun fi biyan wahalarsu. Kamfanin fulawa na Arewa da ke Bompai ya ci gaba da niƙa alkamar Amurka wadda ake ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Legas. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun bayyana wannan tarko a littafinsu na 1985. Gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987 don a tilasta noman ta gida, injunan fulawa suka yi ta zaman banza, aka ɗage hanin a 1992.

Masara kuwa ba a tilasta wa kowa ba. Da aka fara aikin raya karkara na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, aka kawo sabon iri mai jin taki, da takin zamani mai rangwame, da hanyoyin kai kaya kasuwa. Masara abinci ce, kuma kuɗi ce, tana nuna da wuri, tana kuma shiga cikin shukar haɗe. Cikin shekaru kaɗan abin da a da ake shukawa a bayan gida don gasawa ya mamaye gonakin ƙasar Funtuwa da Zazzau da kudancin Kano. Injin nan na Bompai da aka kafa don alkama shi kansa ya shiga niƙa masara, yana sayar da garinta da sunan Masavita.

Kwanan baya ma an sake gwadawa da tumatir. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina don ta riƙa cin tan 1,200 a kowace rana. A shekarar tsutsar nan mai cinye ganyen tumatir ta afka wa gonakin Kano, injin ya tsaya. Bayan tsutsar ta lafa ma an yi ta buɗewa ana rufewa, domin manomi ya kan kawo kwandunansa ƙofar masana'anta ne a makonnin da tumatir ya yi arha, da zarar farashi ya ɗaga kuwa sai ya loda su a motar da za ta Legas.