Daga Kaza da 'Ya'yanta Zuwa Madubi Mai Kwamfuta

Ina son in yi amfani da wannan fili in sa baki a kan wata magana da ke gaban ƙungiyarmu. Kamar yadda aka sani, an kawo shawarar mu kafa wa ƙannenmu ƙungiyar nazarin taurari a makaranta, mu kuma sayo masu madubin hangen nesa irin mai kwamfuta. Wasu sun yi na'am, wasu sun ce almubazzaranci ne alhali ajujuwa na neman gyara, wasu kuma sun ce wannan harka ta Turawa ce, ba mu gaje ta ba. Maganar ajujuwa gaskiya ce, dalilin da ya sa ke nan ya wajaba mu yi hattara da kuɗin. Amma maganar gado, tarihi bai goyi bayanta ba.

Abin da muka taras

Duk wanda ya tashi a Babban Mutum ko wani gari na ƙasar Daura ya san Kaza da 'Ya'yanta, watau tarin ƙananan taurarin nan da malamai ke kira Surayya. Takan ɓace daga sama wajen watan Mayu, sa'an nan ta sake bayyana da asuba cikin watan Yuni, daidai lokacin da ake sauraron ruwan shuka. Mun kuma san Zara matar wata da ke fitowa da magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Kakanninmu fatake da suka riƙa ratsa daji da dare zuwa Damagaram da Agadas, da taurari suke gane gabas da arewa.

Bayan wannan akwai lissafin malamai. Sun raba shekara zuwa manziloli 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365 ke nan. Sunayensu na Larabci ne: Surayya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, da sauransu. Manomi yakan tambayi malam ko wane tauraro ake ciki kafin ya yanke shawarar shuka gero ko wake. Dalilin wannan lissafi a fili yake. Watannin Musulunci suna zagayawa, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka ba za a iya auna damina da su ba. Sai aka riƙe wata don ibada, taurari kuma don noma. Abin sha'awa ma, tauraron nan Dabaran har yau da sunansa na Larabci masana na Turai ke kiransa.

Malamai biyu da suka isa misali

Na farko shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina. Ya tafi aikin hajji wajen shekarar 1730, ya zauna a Hijaz, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, watau jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya kuma yi wani littafi da ya shafi taurari. Daga baya ya sauka a Alƙahira a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda shi kansa masanin falaki ne, kuma mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira, Abdurrahman Aljabarti. A wannan gida ya rasu a 1741. Ke nan shekaru kusan 300 da suka wuce, ɗan ƙasar Katsina ya zauna da manyan masana na Alƙahira a kan wannan fanni, kuma sun karɓe shi da daraja.

Na biyu shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A watan Maris na 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya isa Sakkwato. A cikin kyaututtukan da ya kai akwai kamfas da ƙaramin madubin hangen nesa, kuma ya rubuta cewa waɗannan biyun sun ja hankalin Sarkin Musulmi ƙwarai, musamman da ya ji kamfas zai nuna masa gabas a kowane lokaci. Da Clapperton ya shimfiɗa taswirar sama, sai ya taras Bello ya san dukan buruji 12, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. A zuwansa na biyu, cikin 1826, ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, sai aka gaya masa ai gidan sun taɓa mallakar kwafinsa, gobara ce ta cinye.

Ya kamata a lura da cewa shi dai wannan Muhammadu Bello ya yi rubutu yana gargaɗi a kan masu duba da taurari don faɗin gaibu. Watau malamanmu sun bambance nazari da duba. Sanin mafitar tauraro don lokacin salla, ko alƙibla, ko shuka, ilmi ne. Cewa tauraro zai ba wani arziki ko tsiya, bokanci ne. Wannan ita ce amsar da za mu ba duk uban yaron da ya ji tsoron abin da za a koya wa ɗansa.

Yadda madubin ya samo asali

A 1608 ne wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a yi masa rajistar wani bututu mai gilashi biyu da ke kusanto da abin da ke nesa. A 1609 Galileo na ƙasar Italiya ya ƙera nasa, ya ɗaga shi sama. Madubin nasa yana ƙara girman abu kamar sau 20 ne, amma da shi ya ga duwatsu da ramuka a kan wata, ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari a Janairun 1610, ya ga taurari sama da 30 a cikin Kaza da 'Ya'yanta inda ido ke ganin shida ko bakwai. Ya kuma ga Zuhura tana cika tana raguwa kamar wata. Ita Zuhurar nan ita ce Zara, ita ce kuma Gamzaki, duniya ɗaya ce mai fitowa wani lokaci da magariba, wani lokaci da asuba.

A 1668 Isaac Newton na Ingila ya ƙera wani iri, wanda ke tara haske da madubi mai lotsawa maimakon gilashi. Wannan iri ya fi sauƙin ƙerawa idan ana son babba. Cikin shekarun 1960 wani mutum a Amurka, John Dobson, ya ɗora irin na Newton a kan akwatin katako mai juyawa, ya riƙa fita da shi bakin titi a birnin San Faransisko yana nuna wa masu wucewa wata da Zuhal kyauta. Da haka babban madubi ya shigo hannun talaka.

Kwamfuta ta shigo daga baya. A 1992 kamfanin Meade ya fito da LX200, wanda za ka danna sunan tauraro, injin ya juya bututun da kansa ya nufe shi, ya kuma riƙa bin sa yayin da sama ke juyawa. Kuɗinsa a lokacin ya kai kusan dala 2,000. Zuwa 1999 kamfanonin Meade da Celestron sun fito da ƙanana masu rahusa. A 2023 kuma aka fito da Seestar S50 a kan dala 499, wanda ba a leƙa shi da ido sam, sai dai ya ɗauki hoto ya aiko cikin wayar hannu. Shi kuwa kamfanin Meade ya daina aiki a 2024, abin da ya zama darasi ga mai saye: a tambayi inda za a sami kayan gyara kafin a biya kuɗi.

A ƙasarmu

Da yawa daga cikinmu mun fara sha'awar sararin samaniya ne daga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan'adam ya fara taka wata. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya daga ƙasar Rasha a watan Satumba na 2003. Sai kuma husufin rana na ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi har na 'yan mintoci. Muna makaranta a lokacin, kuma na tabbata 'yan ajinmu ba su manta yadda hasken ranar ya dusashe, iska ta yi sanyi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masana sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo, kuma rana ba ta yi ƙarya ba.

Har ila yau muna da hulɗa da sama kowane wata. Labarin ganin jinjirin wata yakan tashi daga mai unguwa da dagaci zuwa hakimi, zuwa fadar Sarki, har ya isa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wanda shi ke da ikon sanarwa. Madubinmu ba zai shiga wannan hurumi ba. Amma yaron da ya san inda jinjirin wata zai tsaya, da tsawon lokacin da zai yi kafin ya faɗi, zai zama shaida mai amfani ga al'ummarsa.

Wanne za mu saya?

Daga wannan tarihi nake ciro shawarata ga kwamiti. Da farko, ƙarfin madubi yana ga faɗin bakinsa, domin aikinsa tara haske ne. Mai faɗin milimita 200 yana tara hasken da ya ninka na mai milimita 130 fiye da sau biyu. Kada a ruɗe mu da kwalin da aka rubuta wa sau 500 ko sau 600. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a ninka faɗin bakin sau biyu, saboda haka mai milimita 130 iyakarsa kamar sau 260, abin da ya wuce nan dishi-dishi ne. Araha ba ta ado.

Na biyu, kuɗin da zai sayi mai kwamfuta na milimita 130 zai iya sayen irin na Dobson mafi faɗi wanda ba shi da inji. Duk da haka ina goyon bayan mai kwamfutar, saboda dalili ɗaya: ɗalibai 40 ne za su yi layi a bayan madubi ɗaya. Idan babu injin da ke bin tauraro, kafin yaro na uku ya sa ido Zuhal ta fice daga gani, sai malam ya sake nemowa. Sai dai a zaɓi wanda ake iya juyawa da hannu idan batir ya ƙare, alal misali Virtuoso GTi na kamfanin Sky-Watcher, mai faɗin milimita 130 ko 150, wanda ake sarrafawa da wayar hannu. Irin su Seestar suna da kyau wajen hoto, amma yaron da ya riga ya saba ganin hotuna a waya, abin da zai girgiza shi shi ne ya ga zoben Zuhal da idonsa. Gani ya kori ji.

Na uku, a ware kuɗin abubuwan da ake mantawa da su: batir mai bolt 12 da ƙaramin faifan sola na cajinsa, da akwati mai murfi saboda ƙurar hunturu, da ƙananan tabarau masu ido biyu guda biyu don masu jiran layi. A sayi matacin hasken rana na musamman da ake rufe bakin madubin da shi, domin za a yi husufi ranar 2 ga Agusta, 2027, wanda za mu ga wani sashe nasa a nan arewa. Wanda ya leƙa rana ta madubi ba tare da wannan mataci ba zai iya makancewa nan take. Wannan doka a rubuta ta a jikin akwatin.

Na huɗu, a san cewa kwamfutar ba ta san inda take ba sai an gaya mata. Za a ba ta kwanan wata da lokaci da matsayin gari, mu nan muna kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, kusan digiri 9 gabas. Bayan haka sai a nuna mata taurari biyu ko uku masu haske, daga nan ta lissafa sauran. Ashe ke nan na'urar ma tana bukatar wanda ya san Dabaran. Don haka nake ba da shawara a riƙa gayyatar dattijon malami daga cikin gari, wanda ya san manziloli, ya zauna da yaran tare da malamin kimiyya. Irin waɗannan dattawa suna raguwa, kuma abin da ke kansu bai shiga manhaja ba.

Allah Ya ba mu wata dama da mutanen manyan birane suka rasa. Garinmu ba shi da hasken fitilun da ke dusashe sama, kuma daga inda muke ana ganin tauraron arewa, ana kuma ganin taurarin kudu da mutanen Ingila ba sa gani. Watannin Oktoba da Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko, su ne suka fi dacewa a fara.

Kammalawa

Roƙona ga shugabannin ƙungiya shi ne kada a saki ko kwabo sai an sami malami guda da ya amince zai riƙe kayan, da ɗaki mai makulli, da ranar fita sau biyu a wata da aka sa cikin tsarin makaranta. Idan waɗannan uku ba su samu ba, gara kuɗin su tafi ga rufin ajujuwa, domin mun sha ganin kayan kimiyya sun tsufa cikin kwali a ofis. Idan kuwa sun samu, to mu saya, mu kuma nemi ɗaliban su riƙa rubuta abin da suka gani a littafi guda, da sunan Hausa da na Larabci da na boko, su kawo mana rahoto a taron shekara.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, Ya kuma sa mu dace, amin.