Alice Childress: Matar Da Ta Ƙi Sauya Ƙarshen Labarinta

Yau sai ki gyara zama, domin tafiyar tamu mai nisa ce. Amurka za mu je, mu ji labarin wata baƙar fata mai suna Alice Childress, 'yar wasan kwaikwayo kuma marubuciya, wadda aka miƙo wa suna da kuɗi ta ce a kai kasuwa.

An haifi Alice a garin Charleston da ke kudancin Amurka a 1916. Da auren iyayenta ya mutu, sai aka kai ta wajen kakarta Eliza White a Harlem, unguwar baƙar fata a birnin Niyok. Tsohuwar nan ba ta yi boko mai zurfi ba, amma akwai hikima. Takan zaunar da jikarta bakin taga, ta nuna mata wani mai wucewa, ta ce ta faɗi abin da yake saƙawa a ransa. In labarin ya yi daɗi, sai ta ce maza ta rubuta shi. Kin ji makarantarta ta farko, taga da kaka.

Alice ba ta gama sakandare ba. Ta yi aikatau a gidajen mutane, ta yi tsaron kanti, ta yi aikin inshora, tana kuma karatu da kanta a laburare. A farkon shekarun 1940 ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta baƙar fata mai suna American Negro Theatre, inda irin su Sidney Poitier da Ruby Dee suka goge. A 1944 ta fito a wasan Anna Lucasta a Broadway, wato yankin manyan gidajen wasa na Niyok, inda duk ɗan wasa yake mafarkin taka dandamali.

Sai dai akwai abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya. A wancan zamani, in an ba baƙar mace rawa a wasa ko a fim, galibi 'yar aiki ce mai washe baki tana rusuna wa uwar ɗakinta. Alice ta san aikatau ciki da bai, ta kuma san ba haka matan suke ba. Shi ya sa ta ɗauki alƙalami. A 1949 ta rubuta wasanta na farko, Florence.

Wanda ya zame mata zakaran gwajin dafi shi ne Trouble in Mind, da aka fara nunawa a ƙaramin gidan wasa na Greenwich Mews a 1955. Labarin wata 'yar wasa ce, Wiletta Mayer, wadda ta shekara da shekaru tana cewa "to" ga duk abin da darakta farar fata ya ce. Sai aka ba ta rawar uwa wadda za ta tura ɗanta ya miƙa kansa, alhali ana farautarsa a kashe. Nan Wiletta ta tubure, ta ce babu uwar da za ta yi haka. Uwargida, ke da kika san zafin naƙuda, ai kin san gaskiyarta.

Wasan ya karɓu, har masu kuɗi suka yi niyyar kai shi Broadway a 1957. Da an yi haka, da Alice ce baƙar mace ta farko da aka nuna wasan da ta rubuta a can. Amma suka gindaya sharaɗi: a sassauta kalaman, a kuma rufe wasan da sulhu da fara'a don kada ran farar fata 'yan kallo ya ɓaci. Ta yi ta gyara kusan shekara biyu, har ta ga ta daina gane abin da ta rubuta da hannunta. Sai ta ce ya isa haka. Maganar ta wargaje, kuma a 1959 wannan matsayi ya faɗa hannun Lorraine Hansberry da wasanta A Raisin in the Sun.

Kada ki ɗauka abin bai yi mata ciwo ba, domin asara ce babba. Amma ba ta ajiye alƙalami ba. Ta rubuta Wedding Band, wanda aka fara nunawa a 1966, aka kuma sa shi a talabijin a 1974. Littafinta na matasa na 1973, kan yaro ɗan shekara 13 da ya faɗa shan ƙwaya, an mai da shi fim, ita ce kuma ta rubuta fim ɗin. Ta rasu a 1994 ba ta ga wasanta a Broadway ba.

Sai a watan Nuwamba na 2021, shekara 66 bayan fitowarsa, aka nuna Trouble in Mind a Broadway, da ƙarshen nan mai ɗaci da ta so tun farko.

To uwargida, ke ma kina da taga, kina kuma da labaran da ba wanda ya san su sai ke. In yarinyarki ta zo da 'yar tatsuniyar da ta ƙirƙira, saurare ta, ki ce ta rubuta. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.