Ranar da Pele Ya Ji Rauni: Darasi Daga Shekarar 1962

A shekarar 1962 aka yi gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya a ƙasar Chile. Brazil ce ke riƙe da kofin, idon kowa kuma yana kan Pele. A wasansu na biyu, da Cekoslobakiya, ya ji rauni a cinya. Da yake dokar wancan zamani ba ta yarda da canjin ɗan wasa ba, haka ya ƙarasa yana ɗingishi, bai kuma sake bugawa a gasar ba.

Mai horarwa, Aymore Moreira, sai ya ɗauko Amarildo, matashi ɗan shekara 22, ya sa a gurbinsa. Yaron ya zura wa Sifen ƙwallo biyu. Garrincha kuwa ya ja ragama, ya ci Ingila biyu, ya ci Chile biyu. Ranar 17 ga Yuni, Brazil ta doke Cekoslobakiya da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe, Amarildo ne ya fara ci mata.

Abin lura gare mu 'yan wannan ƙungiya shi ne, tun kafin tsautsayi ya auku aka tanadi magaji. Sau da yawa aikin gayyar gari kan tsaya cik don mutum guda ya kwanta jinya. Ya kamata mu horar da matasanmu tun dattawa na da ƙarfi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.