Tsofaffin Jaridu da Kundin Manne-manne a Matsayin Madogara: Misalin Tarihin Tamale

1.0 Gabatarwa

Mai son rubuta tarihin gari yakan fara da bakin dattawa, sannan takardun gwamnati. Akwai madogara ta uku da ɗalibai kan yi wa riƙon sakainar kashi, wato tsofaffin jaridu da kundin da mutane kan manna labaran da suka yanko daga jarida. Wannan takarda za ta duba amfaninsu da haɗarinsu, tare da kafa misali da garin Tamale na arewacin Gana.

2.0 Wa Ya Rubuta, Kuma Don Wa?

A shekarar 1907 Turawan Ingila suka mai da hedikwatar yankin Arewa daga Gambaga zuwa Tamale. Amma manyan jaridun ƙasar duk a Kudu ake buga su: Ashanti Pioneer a Kumasi tun 1939, Evening News ta Kwame Nkrumah a Akara tun 1948, sai Daily Graphic a 1950. Ke nan labarin Tamale da ke cikinsu yawanci kallon baƙo ne.

A ɗauki jam'iyyar NPP, wadda S. D. Dombo da Mumuni Bawumia da Tolon Na Yakubu Tali da abokansu suka kafa a Tamale a 1954, ta kuma ci kujeru 15 a zaɓen 1956. Evening News bakin jam'iyyar CPP ce, ita kuwa Pioneer tana tare da 'yan hamayya. Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya, ya yanke hukunci ne da jin ɓangare guda. Haka kuma gwamnati ta rufe Pioneer a 1962, saboda haka rashin ganin suka a jaridun bayan nan ba ya nufin jama'a sun gamsu.

3.0 Kundin Manne-manne

Kundin da malamin makaranta ko ɗan kasuwa ya tara yana nuna abin da ya dami mutanen gari, domin mutum ba ya yanko abin da bai shafe shi ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar, abin da ya girgiza zangunan Gana. Jarida ta kawo sanarwar hukuma, amma sunan maƙwabcin da ya tafi, sai dai a same shi a gefen kundi ko a bayan hoto.

Aibin kundi shi ne sau da yawa almakashi kan tafi da kwanan wata da sunan jaridar. Ga kuma gara da ruwan damina da ke cin takarda.

4.0 Kammalawa

Ya kamata manazarci ya rubuta sunan jarida da rana da shafi, ya ɗauki hoton kundi a gidan masu shi ba tare da ya ɓare komai ba. Daga nan ya gwada abin da ya samu da fayilolin ma'adanar takardun gwamnati da ke Tamale, da rubuce-rubucen Ajami da Larabci na malaman zango, da kuma bayanin dattawa. Jarida shaida ce guda ɗaya, kuma alƙali ba ya sallamar shari'a sai ya ji sauran shaidu.