Jirgin Sama a Goshin Zaure: Tarihin Adon Bango a Ƙasar Auduga

A wasannin kwamfuta na gine-gine, irin su Minecraft da Space Engineers, akwai wata matsala da kusan duk mai ƙera kumbo yake cin karo da ita. Ya gama haɗa gangar jirgin, ya ɗora injuna, ya buɗe tagogi, amma idan ya ja da baya ya duba sai ya ga abin kamar akwatin sabulu. Babu abin da zai gaya wa ido ko tsawonsa taku 10 ne ko kilomita guda. Maganin da gwanayen wasan suke bayarwa shi ne a bi jikin jirgin da ƙananan abubuwa: bututu nan, murfi can, 'yan tudu da 'yan kwari waɗanda ba su taimaka wa tafiyarsa da komai.

Dabarar ta girmi wasannin. Ta yi suna ne a hannun masu haɗa kayan fim ɗin Star Wars na 1977, a kamfanin da George Lucas ya kafa a 1975 domin wannan aiki. Suna sayen ƙananan tankokin yaƙi da jirage na roba da ake sayarwa don a haɗa a gida, su ɓalle sassansu, su lilliƙa a jikin kumbon da za a ɗauka a hoto. Ƙaton jirgin da yake wucewa a farkon fim ɗin, wanda mai kallo yake ɗauka ya fi kilomita tsawo, bai kai mita 1 ba a ɗakin da aka ɗauke shi. Tarkacen da aka manna masa ne suka ba shi girma.

Maginan ƙasar Hausa sun san wannan sirri tun kafin a ƙirƙiro sinima. Doguwar katangar ƙasa da aka shafe sumul ba ta faɗin komai game da mai ita, ba ta ma nuna tsayinta sosai. Da zarar an ɗora zankwaye a kusurwoyi, aka jera indararo, aka zagaye ƙofar zaure da zane mai tudu da kwari, sai ido ya sami abin aunawa, mai wucewa kuma ya sami abin karantawa. Yankin noma da ya tashi daga Funtuwa ya bi ta Bakori zuwa Malumfashi wuri ne mai kyau na bin tarihin wannan ado, domin a nan ake ganin abubuwa biyu da suka raya shi kuma suka kashe shi: kuɗin amfanin gona da ruwan sama.

Sai an fara da ƙasar kanta. Gidan soro ana gina shi ne da tubali, curin ƙasa mai tsini a sama da ake shanyawa a rana, a jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa. Rufin yana hawa kan azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Irin wannan gini abokin gābarsa ɗaya ne, wato damina. Kudancin Katsina kuwa ya fi arewacinta ruwa nesa ba kusa ba: Funtuwa tana samun wajen milimita 1,000 a shekara, birnin Katsina kuma bai cika wuce 600 zuwa 700 ba. Shi ya sa manomin ƙauye a wannan yanki ya daɗe yana dogara da jinka, ɗakin soro kuma ya zama na mai hali, wanda zai iya ɗaukar nauyin yaɓe da gyara duk lokacin da ruwa ya ci bango.

Abin da ake shafa wa bango don ya jure ruwa shi kansa ilimi ne. Makuba ana samun ta daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa shi a kwaɓa da ƙasa, ta bushe ta yi duhu ta yi tauri. Laso ya fi ta daraja da tsada. Ana haɗa shi da katsi, wato gurɓin da ake kwasowa daga ƙasan rijiyar rini a ƙona, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. A lura da wannan jerin: mai son bangonsa ya daɗe yana buƙatar marini da majemi da mai shiga daji. Maska, tsohon garin da hakimin Funtuwa yake ɗauke da sunansa har gobe a sarautar Sarkin Maska, ta yi suna da saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa. Inda akwai karofi akwai katsi, inda akwai katsi akwai laso.

Ana yin adon ne a kan wannan shafe tun yana ɗanye. Magini yana ɗora ƙasa da hannu ya fitar da tudu, ko ya yanke ta da wuƙa ya fitar da kwari, yana tafiya daga sama zuwa ƙasa kafin rana ta ƙwace masa aikin. Saboda haka zanen da yake tsaye da kaifinsa shaida ne cewa ba a daɗe da taɓa gidan ba. Wanda ya dushe, gefensa ya zagwanye, yana ba da labarin cewa maigidan ya rasu, ko kasuwa ta juya masa baya, ko magada sun kasa haɗa kai. Mutanen gari suna karanta wannan ba tare da an koya musu ba.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a tsakanin 'yan boko, na ɗaukar cewa zanen da ake gani a goshin gidaje gado ne da bai taɓa sauyawa ba tun kaka da kakanni. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A ƙarni na 19 mafi kyawun ado a ciki yake, a soron sarki da masallaci, inda bakan gizo yake tashi daga bango ya haɗu a tsakiyar rufi. Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Daga waje ginin ba shi da hayaniya. Sai an shiga ake ganin ginshiƙai da bakuna da zane mai zurfi da aka yanka a jikinsu. Labarin baka yana cewa ƙarshen Babban Gwani ya zo ne a Birnin Gwari, inda sarkin garin ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Ko da wannan almara ce (ana ba da irinta game da gwanayen magina a ƙasashe da dama), tana nuna yadda masu mulki suke kallon gini mai kyau: kayan sarauta ne, kamar tambari da algaita. Talakan da ya yi kuɗi yana da dalilin barin bangonsa shiru.

Abin da ya fito da ado waje shi ne jirgin ƙasa da auduga. Ƙungiyar masu neman auduga ta Birtaniya, wadda aka fi sani da BCGA, an kafa ta a Mancesta a 1902 domin masaƙun Ingila su rage dogaro da audugar Amurka. Dogo ya isa Kano a 1911, amma a can gyaɗa ce ta ci kasuwa. Auduga ta sami mazauni a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da wajen Gusau, musamman bayan an shigo da irin Allen daga Amurka. A shekarun 1920 aka ja reshen dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Funtuwa, wadda a da ba ta kai Maska ba, ta shige gabanta, ta cika da baƙi: ma'aikatan reluwe, akawuna, 'yan baranda, direbobi, fatake. Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, ta ƙara da kasuwar auduga a kan tsohuwar sarautarta.

Wannan sabon kuɗi ya shiga hannun mutanen da ba su gāji sarauta ba. Dillalin da ya yi kakar auduga uku ko huɗu masu kyau yana iya zuwa Makka, ya ƙara aure, ya ta da soro. Ba zai sa a busa masa algaita ba, amma babu mai hana shi kiran magini ya gyara masa goshin zaure. An fi rubuta tarihin wannan sauyi a Zariya, wadda dogo ɗaya da kasuwar auduga ɗaya suka haɗa ta da Funtuwa. Anthony Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya shafe shekaru yana bin su, ya wallafa nasa a 2007. Abin da ya bayyana daga irin wannan bincike shi ne adon waje ya bunƙasa ne a tsakiyar ƙarni na 20, kuma 'yan kasuwa da masu sana'a suna cikin manyan masu biyan kuɗinsa.

Siffofin da aka zaɓa su ne suka fi daɗin dubawa. Wasu an ɗauko su daga wuyan riga da aljihunta: dagi, da tsinin aska irin na aska takwas, da da'irori masu shiga juna. Wasu daga allo da zayyanar da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani. Takobi da sanda suna nan, alamun iko. Sannan, a tsakiyar wannan duka, sai ga keke. Sai ga mota, agogo, bindiga, jirgin sama da fikafikansa a shimfiɗe. Jiragen sama na farko sun sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, kuma ba a yi shekaru masu yawa ba siffarsu ta hau bangon ƙasa, an murɗa ta ta zauna daidai da dagin da yake gefenta. Maginin da ya yi wannan ba ya jin yana karya wata al'ada. Abin da yake burge mutanen zamaninsa ya ɗauka ya mayar da shi zane, kamar yadda magabatansa suka yi da takobi. Dagin kansa ya yi tafiya ta daban: a zamanin Sardauna Ahmadu Bello ya zama tambarin Jihar Arewa, ya bar bango da riga ya hau takardun gwamnati.

A daidai lokacin da wannan ado yake tashe, Turai tana tafiya ta wata fuskar. Wani mai zanen gini ɗan Ostiriya, Adolf Loos, ya yi lacca a 1910 yana danganta ado da laifi, yana ganin ɓarnar ƙarfi da dukiya ne. Ra'ayi irin nasa ya mamaye makarantun zanen gini, ya iso Nijeriya a jikin ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata masu farin bango sumul. Ɗan bokon da ya tashi a irin waɗannan gidaje ya koyi ganin zanen zaure a matsayin ƙauyanci. Abin dariya a nan shi ne, bayan shekara 60 da wani abu, masu fim a Amurka sun gano cewa bango sumul ba ya gamsar da ido, suka koma liƙa tarkace.

Amma ra'ayi kaɗai bai isa ya kashe sana'a ba. Siminti da kwanon rufi ne suka yi aikin. Da farko siminti ya zama kamar aboki: ana shafa shi a kan bangon ƙasa, a karce zane a jikinsa tun yana ɗanye, a bi shi da fenti kala-kala. Zanen ya ƙara haske, ya rage zurfi. Sai dai siminti da ƙasa ba sa zaman lafiya, domin ruwa yana shiga ta tsaga ya maƙale a baya, wata rana ɓawon ya faɗo gaba ɗaya da zanensa. A yankin da ruwa yake da yawa kamar Funtuwa wannan yana saurin faruwa. Da kuɗin man fetur suka zo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, sannan a 1975 jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas da lodin siminti, mai hali ya daina gyara soro, ya rushe ya sa bulo. Ko masallacin Babban Gwani bai tsira yadda yake ba: a shekarun 1970 an lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin a cikin sabon gini na kankare. Mai son ganin kamanninsa na asali sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya assasa, inda aka gina kwafinsa.

A ɗaya gefen kuma sarƙar kayan aikin tana tsinkewa. Atamfa da shadda na masaƙa da rinin kanti sun rage wa karofi aiki, rijiyoyin rini da yawa suka cike da shara. Katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Giginya da ɗorawa suna raguwa a gonaki. Yaron da a da zai bi mahaifinsa yana miƙa tubali har ya koyi yankan zane, yanzu bulo yake miƙawa, kuma bulo ba ya buƙatar a dawo masa bayan damina. Audugar da ta biya kuɗin adon ita ma ta ja baya, manoman yankin suka fi karkata ga masara da waken suya.

Sana'ar ba ta mutu ko'ina ba. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, ya ci gaba da ƙara masa hasumiyoyi da ado, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. A unguwar Birni ta Damagaram har yanzu ana ganin goshin gidaje masu zane da launi. Waɗannan wurare duka sun fi kudancin Katsina ƙarancin ruwa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa nasu ya daɗe.

A Funtuwa da Malumfashi sha'awar adon ta sauya mazauni. Ta koma jikin manyan motocin da suke ɗaukar hatsi daga kasuwannin Dandume da Bakori, inda mai fenti yake cika katakon baya da furanni da zakuna da addu'o'i. Ta koma ƙofar ƙarfe, inda mai walda yake lanƙwasa rodi ya fitar da dagi. Ta koma silin ɗin filasta a falon sabon gida, mai hawa-hawa da fitilu a ɓoye, wanda sai baƙon da aka shigar ciki yake gani, kamar soron sarki a zamanin Babban Gwani. Katangar waje kuwa ta ƙara tsawo, an shafe ta da siminti, an ɗora mata waya mai ƙaya a inda zankwaye suke zama.