Gadon Milimita 36: Dalilin da Ya Sa Kyamarorin Kwamfuta Ba Sa Gani Iri Ɗaya

Mai zanen gini yakan ƙera siffar gida a manhajar SketchUp, ya zaɓi inda kyamara za ta tsaya, sannan ya kai aikin wata manhaja, kamar Blender, domin a sa masa haske da inuwa a fitar da hoto. Sau da yawa abin da ke fitowa ba shi ne abin da ya gani a farko ba: rufin ya yanke, ko ginin ya koma can nesa. Kyamarar ba ta motsa ba, lambar da ya rubuta ma ita ce dai, amma manhajojin biyu sun fahimci lambar daban. Wannan saɓani ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa, domin tushensa yana cikin tarihin zaren fim.

Faɗin abin da kyamara ke gani ya dogara ne da abubuwa biyu. Na farko shi ne nisan gilashi, wato lambar milimita da ake rubutawa a jikin gilashin kyamara, kamar 35 ko 50. Na biyu shi ne girman gurbin da hoton ke sauka a kai, fim ne ko farantin kyamarar zamani. Gilashi mai milimita 50 a gaban gurbi mai faɗin milimita 36 yana ganin digiri 39.6 daga hagu zuwa dama. Idan aka rage gurbin zuwa milimita 25, gilashin nan zai ga kusan digiri 28 kawai. Don haka duk wanda ya ce maka "milimita 50" bai faɗi girman gurbi ba, rabin magana ya yi.

A farkon shekarun 1890, a ɗakin gwajin Thomas Edison da ke jihar New Jersey a Amurka, William Dickson ya tsayar da zaren fim mai faɗin inci ɗaya da kashi uku cikin takwas, wato kusan milimita 35, da hudoji huɗu a kowane gefe na kowane hoto. Zaren yana gangarowa ne daga sama zuwa ƙasa, kuma bayan an cire wurin hudojin, abin da ya rage wa hoto shi ne kimanin milimita 24 a faɗi da 18 a tsayi. Masana'antar silima ta duniya ta ɗauki wannan ma'auni.

Sai Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus, mutum mai fama da ciwon asma wanda ɗaukar manyan kyamarorin zamaninsa ke wahalarwa. Tsakanin 1913 da 1914 ya ƙera ƙaramar kyamarar hoto mai amfani da wannan zaren na silima, amma ya kwantar da shi, yana tafiya daga gefe zuwa gefe. Ya haɗe gurbi biyu suka zama ɗaya mai hudoji takwas, milimita 36 a faɗi da 24 a tsayi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jinkirta aikin, sai a 1925 aka fito da kyamarar kasuwa da sunan Leica, da gilashi mai milimita 50 wanda Max Berek ya tsara. Daga nan zare ɗaya ya haifi 'ya'ya biyu masu suna ɗaya. Mai ɗaukar hoto idan ya ce "35" yana nufin gurbi mai faɗin milimita 36. Ɗan silima kuwa yana nufin gurbi mai kimanin 24. Ga kuma ma'ana ta uku, tunda akwai gilashi mai nisan milimita 35, wanda ba ruwansa da faɗin zare ko kaɗan.

Bangaren silima bai tsaya nan ba. Da fim mai magana ya zo, aka yanki gefen gurbin aka ba wa layin sauti, kuma a 1932 cibiyar da ke ba da kyautar Oscar ta tsayar da sabon gurbi mai kimanin milimita 22 da 16. A 1953 CinemaScope ya zo da gilashin da ke matse hoto ninki biyu a kwance, a buɗe shi lokacin haskawa. A 1954 kamfanin Paramount ya fito da VistaVision, wanda ya kwantar da zaren kamar yadda Barnack ya yi. Tsofaffin kyamarorinsa ne kamfanin ILM ya farfaɗo da su don dabarun fim ɗin Star Wars na 1977. A shekarun 1980 Super 35 ya ƙwato wurin sauti, gurbin ya koma kusan milimita 25.

Masu rubuta manhajojin kwamfuta na farko ba su da buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kyamarar kwamfuta ba ta da gilashi, ba ta da fim; ɗigo ne a sarari da kusurwa guda. Lawrence Roberts ya nuna lissafin a kundin digirinsa na jami'ar MIT a 1963. Sai dai kusurwa ma tana da nata ruɗanin, domin allo ba murabba'i ba ne: ta kwance ake nufi, ko ta tsaye? OpenGL, wanda kamfanin Silicon Graphics ya fitar a 1992, ya saba wa masu shirye-shirye da kusurwar tsaye. Har yau manhajar wasanni ta Unity tana farawa da digiri 60 a tsaye, abokiyar hamayyarta Unreal kuma da digiri 90 a kwance. A allo mai fasalin 16 da 9 waɗannan lambobi biyu kusan abu ɗaya suke nunawa, ko da yake a ido sun yi nisa da juna.

Milimita ta dawo ne sa'ad da aka fara cakuɗa halittun kwamfuta da hoton gaske, kamar a Jurassic Park na 1993. Idan kyamarar kwamfuta ba ta dace da wadda ta ɗauki fim ɗin ba, ƙafar dodon za ta riƙa zamewa a kan ƙasa. Dole manhaja ta koyi yaren masu kyamara. Maya, wadda ta fito a 1998, tana tambayar girman gurbi da inci, tana kuma farawa da 1.417 da 0.945. Wanda ya juya su zuwa milimita zai tarar da 36 da 24, wato gurbin Barnack sak, a cikin manhajar da aka yi domin silima. Blender kuwa ta daɗe tana aiki da gurbi mai milimita 32, lambar da ba ta dace da wani sanannen fim ba, sai a fitowarta ta 2.80 a 2019 ta koma farawa da 36. Gilashi mai milimita 35 yana ganin digiri 54.4 a Maya, amma 49.1 a tsohuwar Blender.

Yanzu matsalar mai zanen ginin ta fito fili. SketchUp tana farawa da digiri 35, kuma a tsaye take aunawa. A hoto mai fasalin 16 da 9, hakan daidai yake da kusan digiri 58.5 a kwance. Blender, idan ba a sauya mata ba, tana ɗora lambar a kan gefen da ya fi tsawo. Wanda ya kwafi 35 ya zuba mata ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin ganinsa. Gyaran shi ne a daidaita fasalin hoton a wuraren biyu tukuna, a tabbatar da gefen da kowace ke aunawa, sannan a juya lambar. Ba a yin juyin da ninkawa kai tsaye, domin 35 sau 16 bisa 9 zai ba da 62. Ta hanyar tanjen ɗin rabin kusurwar ake bi.

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina kuma ya fi muni, shi ne jan kyamara baya har ginin ya shiga. Sauya faɗin gani yana yanke hoto ne ko ya ƙara masa gefe, amma dangantakar abubuwan da ke ciki ba ta canzawa. Matsar da kyamara kuwa yana sauya wane gini ya kare wane, da yadda na kusa ya fi na nesa girma. Hoton zai yi kama da na farko, alhali daga wani wuri dabam aka ɗauke shi.

A hoton tallan rukunin gidaje, irin wanda ake mannawa a allunan bakin titi, faɗin gani mai yawa yana mai da ƙaramin falo kamar zaure, mai saye ne kuma ke gano gaskiya daga baya. A wurin neman izinin gini abin ya fi haka nauyi, domin da hoton da aka ɗora sabon gini a kan ainihin unguwa ake yanke hukunci ko zai tare wa jama'a gani. Kusurwa mai faɗi tana ƙanƙantar da dogon bene a idon hukuma. Shi ya sa a Birtaniya ƙungiyar masu tsara shimfiɗar ƙasa, Landscape Institute, ta fitar da ƙa'ida a 2019 wadda ta fifita a ɗauki irin waɗannan hotuna da faranti mai milimita 36 da 24 da gilashi mai milimita 50, a kuma rubuta faɗin ganin a jikin takardar, digiri 39.6 a kwance. Ma'aunin Leica ta 1925 ke nan.